Jarin da Na Zuba a Kudenda

Ina da fili a Gonin Gora, bayan layin masu katako, wanda na saya da giratutin da aka biya mu shekaru bayan an rufe masaka. Ban taɓa aza ko bulo ɗaya a kai ba. Duk damina nakan shuka masara da kuɓewa don kada wani ya ɗauka ba shi da mai shi, da rani kuma ni da matata mukan je mu tsaya a tsakiyarsa muna nuna inda ɗaki zai zauna da inda za a haƙa rijiya. A Makera muke haya tun aurenmu, ciki da falo a gidan haɗaka. Bayan masaka na koma sayar da kayan gyaran janareta a wani ɗan shago a bakin titi. Wannan filin na sayar, na zuba kuɗin a kamfanin 'yar abokina.

Abokin nawa mutumin Filato ne, Kirista. Tare muka yi aiki a sashen rini, har mutane kan gane mu a motar haya da shuɗin da ya ƙi fita daga faratanmu. Tare kuma muka sha rana a bakin ƙofar masaka muna jiran haƙƙinmu. Da zama ya yi tsami a gari kowa ya koma inda nasa suka fi yawa, shi ma ya kwashe iyalinsa daga Makera, amma bai daina zuwa shagona ranar Asabar ba. Yakan zauna a kan benci ya sha shayi, mu yi ta gardama a kan ƙwallo da gwamnati.

Babbar 'yarsa a gabana ta girma, Baba take ce mini. Ta yi karatun injiniya a Zariya, ta samu tallafi ta tafi ƙasar waje, ta yi aiki a can na wasu shekaru. Kowa ya ɗauka ta tafi ke nan, sai ga ta ta dawo. Wata Asabar suka zo shago tare da mahaifinta, ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta buɗe wani ɗan akwati ta nuna mini wani baƙin abu da bai kai farcen ɗan yatsana ba. Ta ce sunansa cip, ita ta zana shi.

Na tambaye ta aikinsa. Ta ce bidiyo abu ne mai nauyi, shi ya sa yake cinye data, yake kuma tsayawa cak in sabis ba shi da ƙarfi. Ta tuna mini yadda inji yake danne audugar da ta cika ɗaki ta koma ƙunshi guda, a ɗora a mota, in an isa a kwance ta dawo yadda take. Ta ce haka cip ɗin yake yi wa bidiyo a cikin kyamara kafin ya tura shi. Masu gonaki da sito-sito a bayan gari suna so su riƙa ganin dukiyarsu a waya, amma sabis ɗin can ba ya ɗaukar hoto mai motsi. Da nata cip ɗin da ɗan faifan sola, kyamara za ta yi aiki ko a inda kiran waya ma da ƙyar yake shiga.

Ba ta roƙe ni komai ba ranar. Ni ne na bi ta da tambaya bayan mako guda, da na ji mahaifinta ya saka abin da ya rage masa. Ta zaunar da ni ta yi mini bayanin hannun jari dalla-dalla, ta ce kamfani irin nasu yakan mutu fiye da yadda yakan rayu, kada in saka abin da ba zan iya jure rashinsa ba. Na ce na ji.

Matata ba ta yarda ba. Ta riƙe cip ɗin da aka ba ni in nuna mata, ta juya shi a tafin hannunta, ta ce, "Malam, fili yana nan inda ka bar shi ko bayan shekara goma. Wannan kuwa in ya faɗi a tsakar gidan nan, ko da tsintsiya ba za mu same shi ba." Ta yi kwanaki tana ba ni abinci ba tare da ta zauna kusa da ni ba. Ina son riba, ba zan ɓoye ba, na ƙiyasta gidan da zan gina wanda ya fi na farko. Amma akwai wani abu kuma. Na yi ƙuruciyata a lokacin da duk kudancin kogin nan yake rurin injuna, in an busa jiniyar tashi daga aiki titi ba ya ɗaukar kekunanmu. Na ga ranar da komai ya yi tsit, ciyawa ta fito a rufin masana'antu. Da na ji wata tana cewa za a sake ƙera wani abu a Kudenda, sai na kasa zama a gefe.

Rabin wani tsohon sito suka kama haya. 'Yar abokina ce shugaba, sai abokin aikinta, wani injiniya mutumin Binuwai da suka yi makaranta tare, da wasu matasa 'yan kaɗan. Nakan rufe shago da wuri in hau adaidaita in je in zauna a kusurwa ina kallonsu. Babu rurin inji ko kaɗan, sai fanka da kwamfutoci da warin dalma. A nan na gane cewa zane kawai ake yi a Kudenda. Shi kansa cip ɗin sai an tura zanen wata ƙasa a Asiya, a biya da dala, a jira layi na watanni, sannan a aiko da shi.

Kashin farko da ya iso ya yi aiki a cikin ɗaki, muka yi ta murna. Da aka ɗora kyamarar a kan rufi, rana ta take, sai hoton ya fara yayyagewa, can ya ɗauke. Zafinmu ya fi ƙarfinsa. Suka koma kan zane, watanni suka shuɗe, dala kuma tana ta hawa, duk abin da aka ware jiya ba ya isa yau. 'Yar abokina ta rame, ta daina zuwa coci da iyayenta saboda aiki. A ƙarshe suka gyara, aka ƙero musu 'yan ƙwayoyi na gwaji, waɗanda suka jure rana. Aka tattara duk abin da ya rage a asusun kamfani aka ajiye don babban kashi na biyu. Wasu masu kuɗi daga Legas kuma suka ce in gwaji ya yi kyau a ainihin gona, za su shigo da jari mai yawa.

Wani Alhaji mai gonar kaji a bayan Kakau, wanda shi ma yana da hannun jari, ya ba da gonarsa a yi gwajin. Ranar da za a kafa kyamara ta ce ni da mahaifinta mu zo sito mu zauna a gaban allo, mu zama farkon waɗanda za su gani. Ita da abokin aikinta suka tafi gonar tun da hantsi. Na yi azahar a bakin sito, na dawo na tarar da abokina ya gyara zama, ya sa tabaransa.

Hoton ya zo garau. Ga ɗakunan kaji, ga tankin ruwa, ga bishiyar mangwaro, ga mai gadin gonar, wani dattijo siriri, yana riƙe da tsani. Abokin aikinta yana saman tsanin, sai hannunsa muke gani a gefen hoto. Ita kuma ta ja da baya zuwa tsakiyar fili ta ɗaga mana hannu biyu tana dariya. Matasan da ke sito suka yi tafi. Abokina ya dafa gwiwata.

Kyamarar ba ta ɗaukar sauti, don haka ba mu ji ƙarar baburan ba. Mun dai ga ta juya ta dubi wajen shinge, mai gadin ya saki tsani. Sai ga wasu mutane sun shigo cikin hoton, bibbiyu a kan kowane babur, da bindigogi. Ta fara gudu wajen ɗakin kaji, ɗaya ya sha gabanta ya fizgo ta. Mai gadin ya ɗaga hannuwa sama, suka buge shi da gindin bindiga, suka tasa shi gaba. Aka ɗora ta a kan babur a tsakanin mutum biyu. Duk abin bai ɗauki lokacin da mutum zai sha kofin shayi ba. Hoton bai tsaya ko sau ɗaya ba, har fuskokinsu ana gani.

Bayan sun fita, allon ya ci gaba da nuna filin. Tsani a ƙasa, takalminta ƙafa ɗaya kusa da tanki, wasu kaji da suka kuɓuce suna tono. Abokina ya tashi ya je gaban allon yana taɓa shi da yatsa a daidai inda aka fita da ita, kamar zai ja hoton ya ga gaba. Na riƙe shi na zaunar da shi. Jikinsa duk ya yi sanyi.

Abokin aikinta ya tsira, domin ya yi tsalle daga tsani ya faɗa bayan katanga ya kwanta a cikin kwata. Muka kai wa jami'an tsaro rahoto, muka nuna musu bidiyon, suka ce za su yi iya ƙoƙarinsu. Bayan kwana biyu aka kira wayar abokina. Abin da suka nema ko an sayar da unguwarsu ba zai biya ba, domin wani ya gaya musu cewa mai kamfani ce da ta dawo daga Turai. Aka shiga ciniki kamar ana sayen dabba. Wani lokaci su ba ta wayar ta ce tana nan da rai, wani lokaci su bar shi ya ji kukanta su kashe. Nakan kwana biyu ban buɗe shago ba, ina gidansu ina zaune da shi a ƙarƙashin rumfa, wayar tana kan tebur a tsakaninmu. Matarsa ta daina cin abinci, sai ruwan zafi.

Cocinsu ya yi karo-karo. Na yi wa limaminmu magana, aka tara abin da aka iya bayan sallar Juma'a. Dangi daga Filato suka sayar da abin da suke da shi. Duk da haka da saura mai yawa, kuma babu inda ya rage sai asusun kamfani. Aka kira mu masu hannun jari a sito. Abokin aikinta ya tsaya a gabanmu, da bandeji a ƙafa, ya faɗa mana gaskiya: in aka taɓa kuɗin nan, layinmu a masana'antar Asiya ya wuce, kuma da yadda dala take tafiya ba za mu sake tara irinsa ba. Ya ce shi ya yarda a taɓa, amma kuɗinmu ne. Abokina bai zo taron ba, ya ce ba zai iya kallon idon kowa ba.

Aka ce kowa ya je ya yi shawara da iyalinsa zuwa la'asar. Na koma gida na tarar da matata tana tsince shinkafa. Na zauna na faɗa mata komai, ina jiran ta tuna mini abin da ta ce tun farko. Ta ajiye tiren ta dube ni.

"To me ka dawo yi gida? Yarinyar da na goya tana daji, kana tambayata?"

Ta shiga ɗaki ta fito da kuɗin adashen da ta ɗauka a watan, a ƙulle a gefen zane, ta ce in haɗa. Da na koma sito na tarar kowa ya dawo da amsa iri ɗaya, har wata tsohuwar ma'aikaciyar gwamnati da ta saka fanshonta gaba ɗaya. Ta sa hannu tana hawaye, amma ta sa.

Sai da 'yar abokina ta kusa wata biyu a hannunsu kafin a biya kuɗin su sake ta. Wani direban tifa ne ya tsince ta da safe a bakin hanya ya kawo ta asibiti. Da na shiga ɗakin ban gane ta ba sai da ta ce, "Baba." Ƙafafunta sun kumbura sun tsattsage, an aske mata kai saboda ƙwarƙwata. Mai gadin bai dawo ba. Danginsa ba su da abin biya, kuma abin da Alhaji ya aika a kansa ya isa a makare. A gabanta aka harbe shi, da rana tsaka, don ta faɗa wa mutanenta cewa ba wasa ake yi ba. Wannan sau ɗaya ta ba da labarinsa, ga mahaifiyarta, ba ta ƙara ba.

Bayan ta ɗan murmure, abokin aikinta ya zo gidansu da wata shawara, ina zaune. Ya ce mutanen Legas sun yi sanyi, amma akwai abu ɗaya da zai iya juyo da su. Bidiyon ranar ya fito daga inda sabis bai kai sanda ɗaya a waya ba, kuma bai yanke ba daga farko har ƙarshe. Babu wata shaida da ta fi wannan cewa cip ɗin yana aiki. In ta yarda a nuna musu, ko a rufe fuskarta, wataƙila kamfanin ya tashi, mu ma kuɗinmu ya dawo. Ba mugun mutum ba ne, kuma na san gaskiya ya faɗa. Ya juyo gare ni ya ce in sa baki, tunda ni babba ne kuma jarina yana ciki. Na ce masa bidiyon nata ne, abin da ta ce shi ke nan.

Ta dubi abokin aikinta ta ce, "Akwai mutumin da bai dawo ba a cikin bidiyon nan. Ba zan yi talla da shi ba. Ka goge shi, duk inda yake."

Ya goge a gabanmu. Mutanen Legas suka aiko da gaisuwa da addu'a, suka ce za su dakata tukuna sai yanayi ya gyaru. Ba mu ƙara jin ɗuriyarsu ba. Ita kuma ba ta sake taka ƙafa a sito ba. Sau ɗaya aka ɗauko ta a mota, da aka zo kwanar Kudenda wani babur ya wuce da gudu, ta dunƙule a ƙasan kujera tana haki, dole aka juya. Matasan suka watse ɗaya bayan ɗaya, abokin aikinta ya samu aiki a Legas, haya ta ƙare. Ni da wasu muka kwashe kwamfutoci da tebura muka sayar. Yanzu ruwan leda ake ɗurawa a wurin.

Abokina bai sake komawa daidai ba. Yana da hawan jini tun da, kuma makonnin nan na jiran waya sun ƙarasa shi. Ya ci gaba da zuwa shago ranar Asabar, amma sai ya zauna shayinsa ya huce bai sha ba. Sau da yawa yakan fara maganar kuɗina, in katse shi. Wata safiya ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Ya yi watanni a kwance, nakan je in juya shi in shafa masa mai a baya, domin matarsa ba ta iya ɗaga shi. Da damina ta kankama ya rasu. Na bi gawarsa har ƙauyensu a kan duwatsu, na tsaya a bayan jama'a suna waƙoƙinsu, ana yayyafi, har aka rufe shi.

Daga baya wani kamfani na ƙasar waje ya sayi zanen cip ɗin da araha, da sharaɗin ta je ta yi musu aiki. Ta raba kuɗin ga masu hannun jari, ba ta ɗauki nata kason ba. Abin da ya zo hannuna ya biya mana hayar shekara, na ƙara 'yan kaya a shago, ya ƙare. Ranar da za ta tafi ta zo Makera ta durƙusa a gaban matata tana neman gafara. Matata ta ɗago ta, ta ce kada ta sake ta ji wannan magana, ta cusa mata ƙullin yaji da kuka a jaka.

Kafin ta fita ta roƙe ni abu ɗaya. Mai gadin ya bar mata da 'ya'ya a wani ƙauye gaba da Kakau. Ta ce za ta riƙa aiko da wani abu duk wata, amma matar ba ta da asusun banki, kuma ita ba za ta iya zuwa ba ko da tana gari. Tun daga lokacin ni nake kaiwa. Nakan fita da sassafe a motar haya, in sauka a bakin titi in taka da ƙafa, in tabbata na juyo kafin rana ta yi tsaka. Matata ba ta zama sai ta ji sallamata.

Matar mai gadin ba ta da yawan magana. Takan shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta aiko da ruwa, ta yi godiya daga bayan ƙofa. Ba a kawo musu gawarsa ba, ba su san inda aka bar shi ba. Wata rana, na miƙe zan tafi, sai ta kira ni ta ce ta ji an ce akwai hoton mijinta mai motsi na ranar da aka tafi da shi. Ba su da hotonsa ko ɗaya a gidan, ƙaramar 'yarsu ma ta fara manta kamanninsa. Ta ce ko sau ɗaya ne in kawo ta gani, ko da wurin da yake tsaye ne kawai kafin mutanen su zo.

Na ce mata an goge shi. Ta tambaya ko babu wani da ya rage da shi a waya. Na ce babu. Ta ce Allah ya kai ni gida lafiya. Na sa takalmina na kama hanyar bakin titi.